Tsakuwar da ba ta cikin takalmi: tambayoyi da amsoshi kan kaurin jijiyar gaban ƙafa

Mai tsayuwar kanti a Jidda, mai tura keken alhazai a Harami, uwar gida da ke sintiri tsakanin kicin da falo a kan tayil, duk sukan kawo kuka iri ɗaya: gindin yatsun ƙafa na raɗaɗi, an zazzage takalmi ba a ga komai ba, an duba tafin ƙafa babu ƙaya babu kumburi. Sau da yawa jijiya ce ta yi kauri a tsakanin ƙasusuwa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan ciwo.

Wane irin ciwo ne wannan, kuma a ina yake zama?

A gaban ƙafa akwai dogayen ƙasusuwa biyar, kowanne ya nufi yatsa ɗaya. A tsakaninsu, ta ɓangaren tafin ƙafa, akwai siraran jijiyoyi masu kai saƙon ji daga yatsu zuwa ƙwaƙwalwa. Ba jijiyar jini ake nufi ba. Kowace jijiya tana bi ta ƙarƙashin wani maɗauri mai tauri da ya haɗa kawunan ƙasusuwan, sannan ta rabu biyu, reshe ɗaya ya bi gefen wannan yatsa, ɗayan ya bi gefen na kusa da shi. Duk takun da mutum ya yi, ƙasa na danno jijiyar daga ƙasa, maɗaurin na tokare ta daga sama, ƙasusuwa biyu na matse ta daga gefe. Idan matsin ya yi yawa kuma ya daɗe, rigar jijiyar sai ta yi kauri, kamar yadda tafin hannun mai daka ke yin kanta. Da ta yi kauri sai wurin ya ƙara yi mata kaɗan, matsin ya ƙaru, kaurin ma ya ƙaru.

An fi samunsa tsakanin yatsa na uku da na huɗu, in an fara ƙirga daga babban yatsa. Sai kuma tsakanin na biyu da na uku. Da wuya a same shi kusa da babban yatsa ko ƙaramin yatsa, don haka in ciwonka a can yake, a fara neman wani dalili. Likitoci na kiransa niyuromar Morton, da sunan Thomas Morton, likitan tiyata na Filadelfiya a Amurka wanda ya yi bayaninsa a 1876.

Na ji an ce ƙari ne. Daji ne?

A'a. Ba ciwon daji ba ne, ba ya rikiɗewa ya zama daji, kuma ba ya yaɗuwa zuwa wani sashe na jiki. Tabo ne ya taru a jikin jijiya. Ba ya sa a yanke ƙafa. Illarsa ita ce hana tafiya da hana neman abinci, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda aikinsa na tsayuwa ne.

Yaya mai shi yake ji?

Yawanci sukan ce kamar sun taka tsakuwa, ko safa ta naɗe a ƙarƙashin yatsu. Wasu na jin raɗaɗi kamar an ɗora garwashi, wasu suka mai harbawa zuwa kan yatsu biyu, wasu minjirya, wasu kuma yatsun ne ke mutuwa. Alamar da ta fi taimaka wa likita ita ce wannan: ana cikin tafiya sai mutum ya tsaya ya cire takalmi ya murza ƙafar, nan da 'yan mintuna ya ji sauƙi. Da safe in ya tashi babu komai. Da dare in ya kwanta ma yawanci lafiya lau. Da farko sai an sa wani takalmi na musamman ciwon ke tashi, ya yi kwanaki ya lafa. In an bar shi watanni, sai ya zama kowane takalmi na tayar da shi, har tafiya babu takalmi a kan daɓe mai tauri. Wani lokaci in mutum ya miƙe tsaye za a ga yatsun biyu sun ɗan ware da juna.

Me ke kawo shi?

Babban mai laifi takalmi ne mai matsattsen baki. Yana haɗe ƙasusuwan biyar wuri ɗaya, jijiya ta rasa wurin zama. In aka haɗa da doguwar dunduniya abin ya zama biyu: nauyin jiki ya gangaro gaban ƙafa, yatsu kuma su lanƙwashe sama, wanda ke ja wa jijiyar miƙewa a kan bakin maɗaurin nan. Shi ya sa ciwon ya fi kama mata nesa ba kusa ba, musamman daga shekara 40 zuwa 60. Takalmin ƙwas-ƙwas na daren biki ɗaya ba ya haifar da shi, amma yana iya tayar da wanda ke kwance.

Maza ma ba su tsira ba. Takalmin aiki mai ƙarfe a baki, wanda kamfani ke rabawa ba tare da an gwada faɗinsa ba, yana yin ɓarna iri ɗaya, ballantana ƙafa kan kumbura da zafin rana. Haka sau-ciki mai tsinin baki, da takalmin ƙwallo. Sai ayyukan da ke ɗora nauyi a gaban ƙafa: tura kaya ko keke, hawa tsani, dogon tsugunno a kan yatsu irin na mai shimfiɗa tayil ko makanike.

Akwai kuma ƙirar ƙafa. Shafaffen tafin ƙafa, ko mai zurfin rami sosai, karkacewar babban yatsa, yatsu masu ƙudundunewa, da ɗaurewar naman sha-raɓa da agara, duk suna tura nauyi gaba. Ƙiba na ƙara wa kowannensu ƙarfi.

Ta yaya likita ke gane shi?

Da tambaya da hannu, kafin a je ga na'ura. Likita zai sa babban yatsansa a tafin ƙafa, manuniya a bayan ƙafa, ya matsa ramin da ke tsakanin ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya. A ramin da jijiyar take, mutum zai janye ƙafa. Daga nan sai ya kama gaban ƙafar gaba ɗaya da hannu ɗaya ya matse ta gefe da gefe, yana danna ramin daga ƙasa da ɗayan hannun. Sau da yawa sai a ji wani ɗan "ƙas" a ƙarƙashin yatsa, kaurin ne ya zille daga tsakanin ƙasusuwa ya koma. Ana kiran wannan alamar Mulder. Ƙarar kaɗai ba hujja ba ce, domin ana jin ta a ƙafar da lafiyarta ƙalau. Sai ta zo tare da ainihin zafin da ya kawo mutum asibiti.

Likitan kirki zai kuma danna kan ƙashin kansa, ya motsa gaɓar yatsa sama da ƙasa. In zafin a kan gaɓa yake ba a rami ba, to labari ya sauya.

To hoton ƙashi fa? An yi mini an ce ba a ga komai ba.

Haka ya kamata ya kasance, domin jijiya ba ta fitowa a hoton ƙashi. Ana yinsa ne, mutum na tsaye, don a tabbatar babu tsagewar ƙashi ko lalacewar gaɓa. Abin da ke nuna kaurin shi ne sikanin, irin na'urar da ake duba masu juna biyu da ita, ko hoton maganaɗisu wanda a asibitocin Saudiyya ake ce wa ranin. Sikanin ya fi araha da sauri, kuma mai yi na iya matse ƙafar yana kallon kaurin na motsi, sai dai ingancinsa na hannun mai riƙe da na'urar. Hoton maganaɗisu ya fi amfani in ana shakka, ko ana shirin tiyata.

A kula da abu ɗaya. Mutane da dama suna da wannan kauri ba tare da wani ciwo ba, musamman in bai kai milimita 5 ba. Saboda haka rahoton hoto da ya ce an ga niyuroma bai isa a yi allura ko aiki ba, sai wurin da hoto ya nuna ya dace da wurin da hannu ya gano.

Waɗanne cututtuka ne ke kama da shi?

Wannan tambaya ta fi kowace muhimmanci a wurinmu, domin yawancin maganin da ya ƙi ci, ciwon ne ba a gano daidai ba tun farko.

Na farko lalacewar jijiyoyi ta ciwon suga, wanda ya yi yawa a Saudiyya. Ita tana kama ƙafa biyu tare, ta fara daga kan yatsu duka ta hauro, kuma ta fi tsanani da dare. Cire takalmi ba ya kawo sauƙi. Ƙarancin bitamin B12 ma na yin haka, kuma ana ganinsa ga waɗanda suka daɗe suna shan maganin suga na metformin. Na biyu tsagewar ƙashi ta yawan tafiya, wadda ake gani bayan aikin Hajji ko Umrar azumi: bayan ƙafa na kumbura, zafin na kan ƙashi, kuma hoton makonni biyun farko na iya fitowa fes. Na uku kumburi ko yagewar maɗaurin gaɓar yatsa na biyu, inda yatsan ke fara ɗagewa ko karkata. Na huɗu jijiyar da ta matsu daga ƙugu, mai harbo zafi ta cinya zuwa ƙafa. Sai gawut, wanda Larabawa ke ce wa niƙris, mai afka wa gindin babban yatsa cikin dare da ja da kumburi. Amosanin gaɓɓai kuma yakan kama gaɓɓai da yawa, da sandarewa da safe.

Wane takalmi zan sa?

Kafin ka sayi sabo, gwada waɗanda kake da su. Zaro shimfiɗar cikin takalmin ka ajiye a ƙasa, ka tsaya a kanta da duk nauyinka. In gefen ƙafarka ya zubo waje, takalmin ya yi maka kaɗan, ko da lambarsa daidai ce. In shimfiɗar ba ta fita, taka farar takarda a zana ƙafarka da biro, ka ɗora takalmin a kan zanen. Mutane kan yi mamakin abin da suke gani.

Wanda za a saya ya kasance mai faɗin baki har yatsu su iya motsi, da sarari kamar santimita 1 a gaban yatsan da ya fi tsawo. Dunduniya kada ta wuce santimita 2 zuwa 3. Ƙasansa ya zama mai kauri, mai laushi daga ciki, amma wanda ba ya naɗewa biyu a hannu. Mai igiya ko maɗauri ya fi, don a sassauta gaba in ƙafa ta kumbura. A je saye bayan la'asar ko da dare lokacin da ƙafa ta gama buɗewa, a gwada ƙafa biyu, a tsaye. Ƙara lamba ba ya maye gurbin faɗi: takalmi ya yi tsawo, ƙafa ta riƙa zamewa gaba tana cusa yatsu cikin tsinin.

Silifa ba ta matsewa, amma siririyar silifar roba ba ta kare komai daga taurin ƙasa, kuma yatsu na ƙanƙame ta a kowane taku. A cikin gida ma, in daɓen tayil ne ko marmara, a ajiye takalmin soso mai kauri na ɗaki.

An ba ni wani ɗan tudu mai laushi in sa a takalmi, sai ciwon ya ƙaru. Me ya faru?

Kusan kullum wurin sawa ne aka kuskure. Wannan ɗan tudu da ake samu a kantin magani ba a ƙarƙashin wurin ciwon ake sa shi ba. A bayansa ake sawa, ta wajen dunduniya, don ya ɗaga ƙasusuwan daga wuyansu, kawunansu su ware, jijiya ta sami sarari. In ya zauna daidai kan ciwon, tsakuwar gaske aka ƙara.

Ga yadda ake yi. Shafa ɗan jan-baki ko kwalli a daidai inda ya fi zafi, ka sa ƙafa cikin takalmi babu safa, ka taka. Tabon zai fito a shimfiɗar. Manna tudun yadda bakinsa na gaba zai tsaya rabin santimita zuwa santimita 1 a bayan tabon. Fara riƙe shi da salatif, ka yi tafiyar minti goma, ka matsar da shi kaɗan-kaɗan har ka ji ya zauna, sannan ka ɓare gam ɗinsa. Ranar farko awa ɗaya ko biyu ta isa, a riƙa ƙarawa. Kuma tudu a cikin matsattsen takalmi ƙara cunkoso ne kawai.

A ba sauyin takalmi da tudu mako 6 zuwa wata 3 kafin a ce sun gaza. A haɗa da miƙar da sha-raɓa: dafa bango, mayar da ƙafar mai ciwo baya, dunduniya a ƙasa, gwiwa a miƙe, a riƙe daƙiƙa 30, sau uku, safe da yamma. In ciwon ya tashi, a naɗe ƙanƙara a tawul a ɗora minti 15.

Magungunan kashe zafi na warkar da shi?

Suna rage zafi, ba sa narkar da kaurin. Ibuprofen miligiram 400 bayan cin abinci, har sau uku a rana na 'yan kwanaki, ya isa ga babba mai lafiya. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini ko ciwon zuciya, mai shan maganin tsinka jini, da mai juna biyu, kada su sha sai da izinin likita. Wanda ke aiki a rana yana zufa, ko mai azumi a lokacin zafi, ya yi hattara ƙwarai, domin wannan rukunin magani tare da ƙarancin ruwa a jiki na taɓa ƙoda. Na shafawa irin su Voltaren ya fi sauƙin haɗari.

Ƙaho, tsaga ko lalas fa?

Muna roƙo da babbar murya, kada a yi su a wannan wuri. Kaurin na can ciki tsakanin ƙasusuwa, babu mataccen jini ko ruwan da za a zuƙo. Tsaga ko ƙuna a tafin ƙafa na barin tabo a inda ake takawa, tabon kuma na iya zama ciwo na biyu da ya fi na farko wuyar magani. Ga mai ciwon suga kuwa, ƙaramin rauni a ƙafa na iya zama gyambon da zai kai ga yanke yatsa. Mai ɗori ma ba shi da aiki a nan tunda babu karaya, kuma ɗaure gaban ƙafa tamau shi ne ainihin abin da jijiyar ba ta so. Tausa a hankali da mai, ana ware yatsu, ba ta da laifi.

Yaya batun allura?

In wata uku sun wuce babu sauƙi, sai allurar kotizon, wato maganin rage kumburi, haɗe da maganin kashe wuri. Ta bayan ƙafa ake soka ta, tsakanin ƙasusuwan biyu, ruwan bai fi mililita 1 zuwa 2 ba, kuma an fi so a yi ana kallo da sikanin. In zafin ya ɗauke cikin mintuna, wannan shaida ce cewa jijiyar ce. Bayan awanni zai dawo, yana iya ma fin na da na kwana ɗaya ko biyu, sannan kotizon ya fara aiki cikin mako ɗaya zuwa biyu. Wasu sun rabu da ciwon ke nan, wasu da yawa kuma yana dawo musu bayan watanni, musamman in sun koma tsohon takalmi.

Ba a yawaita ta, galibi ba a wuce biyu ko uku a wuri ɗaya. Kotizon na cinye kitsen tafin ƙafa, wanda shi ne katifar ƙashi kuma ba ya dawowa, yana kuma raunana maɗaurin gaɓa har yatsa ya karkace. Akwai abin da ya shafe mu musamman: a baƙar fata yakan bar farin tabo a wurin allurar, wanda kan ɗauki watanni kafin ya koma. Mai ciwon suga ya sani sugansa zai hau na kwanaki, ya yawaita awo. Mafi yawan malamai na ganin allurar da ba ta abinci ba ce ba ta karya azumi.

Wasu asibitoci na kashe jijiyar da zafin na'ura, ko da sanyi, ko da allurar sinadarin alkohol. Suna taimakon wasu, amma hujjar amfaninsu na dogon lokaci ba ta kai ta tiyata ƙarfi ba.

In aka kai ga tiyata, me ake yi?

Aikin yini ɗaya ne, a koma gida. Hanya biyu ce: ko a yanke maɗaurin da ke danne jijiyar a bar ta, ko a yanke sashen da ya yi kauri a fitar, wanda shi aka fi yi. Yawanci ta bayan ƙafa ake shiga, da yanka na santimita 3 zuwa 4, don kada tabo ya zauna a tafin ƙafa. Ana taka dunduniya da takalmin asibiti, a riƙa ɗaga ƙafa sama a makon farko, a cire zare wajen mako biyu. Komawa takalmi mai faɗi kan ɗauki mako 4 zuwa 6, kumburi kuma na iya kai wata uku ko fiye. Mai aikin tsayuwa ya shirya hutunsa da wannan lissafi. Wajen alwala ana shafa a kan bandeji, kada ruwa ya taɓa ɗinkin.

Kusan takwas cikin goma na samun sauƙi mai gamsarwa. In an cire jijiyar, tsakanin yatsun biyu zai mutu har abada, wato ya daina jin taɓi. Ba ya hana tafiya, amma sai an riƙa duba wurin da ido. Matsalar da aka fi tsoro ita ce guntun jijiyar da ya rage ya yi ƙulli a bakinsa, ciwon ya dawo bayan watanni ko shekaru, kuma aiki na biyu bai kai na farko nasara ba. Shan taba da sugan da ba a daidaita ba na hana ɗinki kamawa.

Zan iya ɗawafi da sa'ayi da wannan ciwo?

Za ka iya, da shiri. Sa'ayi kaɗai ya kai kusan kilomita uku, ga zagaye bakwai na ɗawafi a kan marmara, wanda in a benen sama aka yi nisansa ya fi na ƙasa sosai. Mace na iya sa safa mai kauri ta manna tudun a tafin ƙafarta da filasta. Namiji ma haka in bai ɗaura haramin Hajji ko Umra ba. In ya ɗaura, ya tambayi malami hukuncin lalurarsa. Sassarfar zagaye ukun farko da ta tsakanin korayen fitilu sunna ce, barinta ba ya ɓata ibada. Hutawa tsakanin ɗawafi da sa'ayi ya halatta, haka hawa keke, na turawa ko na lantarki. Don tafiyar Mina da jifa a nemi takalmi buɗaɗɗe mai kaurin ƙasa da maɗaurai, a saba da shi makonni kafin ranar. In za a yi allura, a yi ta da tazarar makonni, kada a bari sai ana gobe tafiya.

A salla, kafe yatsu a sujada da zaman tahiya na miƙar da jijiyar. In yana tayar da ciwon, a kwantar da ƙafar. Tsayuwar tarawihi kuma a yi ta a kan darduma mai kauri, in ta gagara a zauna.

Ina zan je, kuma yaushe ne bai kamata in jira ba?

Fara da cibiyar lafiya ta unguwa ko asibitin da inshorar wurin aikinka ta amince da shi, ka nemi a tura ka sashen ƙashi, wato izam da Larabci, ko wurin likitan ƙafa. Layin 937 na Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya na ba da shawarar likita ta waya. Kada a jira ko kwana ɗaya in ƙafar ta yi ja da zafi da zazzaɓi, in yatsa ya yi baƙi ko sanyi, in mai ciwon suga ya ga rauni ko ƙuna, in an kasa taka ƙafar bayan faɗuwa, ko in ƙafar ta fara ja a ƙasa.

Ranar ganin likita ka tafi da takalman da ka fi sawa, har da na aiki, da sakamakon awon suga na baya-bayan nan, da kwalayen magungunan da kake sha. In Larabci bai zauna maka ba, ka sa alamar biro a daidai wurin zafin tun daga gida, ka nuna yatsun da ke mutuwa, ka kuma faɗi ko cire takalmi na kawo sauƙi.